Rakiyar da Agogona Ya Auna

Jama'a, wanda zai yi dariya ya yi ta tun yanzu ya gama, don in na kai tsakiyar maganar nan ni kaina ba na iya yi. Wannan abu a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, na rantse da wanda ya busa mini rai. Shekara huɗu ke nan, a birnin Kuala Lumpur na ƙasar Maleshiya, a unguwar da ake kira Sri Petaling, a hawa na goma sha bakwai na wani dogon bene. E, ni ɗin dai, wanda a gida ko soro ba ya hawa sai in zai shanya gero.

Ni tsohon direban tirela ne, shekara talatin da ɗoriya tsakanin Kano da Legas da Fatakwal. Boko kuwa a aji huɗu muka yi sallama da ita, ba faɗa ba gaba. Bayan rasuwar mai ɗakina sai ciwon suga da hawan jini suka haɗa kai suka zo mini gaisuwar ta'aziyya, suka ƙi tafiya. 'Yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta don sunan mahaifiyata gare ta, Uwata nake ce mata, tana can Maleshiya da mijinta Nasiru, wanda ke karatun zama dakta, amma ba irin daktan da ke yin allura ba, na lissafi. Ita ta matsa aka yi mini takardu aka ɗora ni a jirgi kamar buhun masara.

Likitan can ya dudduba ni ya ce maganina tafiya, kilomita uku kowace safiya. Uwata ta kafa mini sharaɗi a gaban mijinta, ta ce, "Baba, in kun yi wata uku kuna tafiyar nan, suga ya sauka, za ku koma gida kafin damina ku yi shukarku. In ba haka ba, wallahi nan za ku zauna a gabana." To kun ji abin da ke ƙasa. Gonata, da tabarmata ta ƙofar masallaci, da mutanen da zan tsokana su rama da Hausa. A can kuwa in na yi wa jikokina wasa sai su amsa da Turanci su ƙara da "lah" a ƙarshe.

Don kada in yi ha'inci, Nasiru ya sayo agogon 'yan tsere, baƙi, mai faɗin fuska kamar murfin kwalba. Wai yana magana da tauraron ɗan'adam, ya auna nisan da ka yi da saurinka da bugun zuciyarka, sannan ya kai gulmarka wayar 'yarka, har da taswirar inda ka bi, an ja ta da jan layi. Na ce, "Nasiru, ni da na auna Najeriya da taya goma sha takwas, yau wannan abin ne zai koya mini kilomita?" Ya sunkuyar da kai irin na suruki ya ce, "A yi haƙuri, Baba." Ya ɗaura mini.

Akwai wurin shaƙatawa a Bukit Jalil, kusa da mu, mai tudu da itatuwa da tafki a tsakiya, an shimfiɗa hanya ta kewaye ruwan. Nan nake zuwa wajen ƙarfe takwas na safe, gari ya waye tangararan, tsofaffin 'yan Sin suna ta miƙa hannu sama a hankali kamar masu kama sauro a mafarki.

Makon farko agogon nan ƙarya ya yi ta zubawa. Yau ya ce na yi kilomita biyu da rabi, gobe hanya ɗaya ya ce uku da kwata. Ran nan ma taswirar ta nuna wai na ratsa ta cikin wani dogon bene na fito ta bayansa. Nasiru ya zauna da ni kamar mai koya wa sabon kwandasta aiki. Ya ce laifina ne. Na farko, ina danna maɓallin tun ina cikin lif, alhali sai mutum ya fita fili inda sama take a buɗe, ya tsaya cik har alamar ta koma koriya, ya ƙara jiran minti guda. Na biyu, ina tafiya hannuwana goye a baya, ga carbi ina ja, shi kuwa agogon yana son hannu ya riƙa lilo. Na uku, madaurin ya yi sako-sako, kuma hannun kaftanina yana lulluɓe shi. Na ce to, a shekara saba'in ba ɗaya an dawo koya mini yadda ake tafiya. Na naɗe hannun riga, na sa carbi a aljihu, na riƙa wurga hannu kamar kurtun soja. Ƙarya ta ragu, gaskiya ne. Amma ba ta ƙare ba.

Yanzu ga inda maganar take. A bakin tafkin, ta gefen da ba mutane sosai, akwai wani benci na siminti ƙarƙashin wata babbar bishiya. Kullum nakan tarar da wani dattijo ɗan ƙasar zaune a kai, siriri, da farar hula da zane ɗaure a ƙugu irin nasu, ya girme ni nesa. Ni kuwa ba a haife ni in wuce babba ban gaishe shi ba. Na yi sallama ya amsa, muka yi musabaha, hannunsa sanyi kamar wanda ya gama alwala. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai murmushi. Ina cewa "Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali," yana gyaɗa kai yana cewa "Boleh, boleh," wato dai ba komai, ya yiwu. Da mun gama sai ya miƙe zai tafi, ya nufi wajen ruwa, inda na ɗauka akwai wata 'yar hanya ta bayan ciyayi.

To ku Hausawa ku faɗa mini, babba ya miƙe zai tafi, kana tsaye, me za ka yi? Ai sai ka taka masa. Na ce, "Bari in taka maka, Baba." Na bi shi taku goma, na ƙirga su sau da yawa daga baya, goma ne cif, har bakin ciyawa, na tsaya na ɗaga masa hannu, na juyo na ci gaba da zagayena. Kullum haka. Abin ko rabin minti ba ya kaiwa.

Ran wata Asabar muna karyawa, Nasiru yana duba wayar matarsa, ya ce, "Baba, akwai wata 'yar ƙaya a nan." Na leƙa. Jan layin ya kewaye tafki lafiya lau, amma daidai bencin nan ya yi tsini ya shiga cikin ruwa, kamar mita arba'in, ya dawo. Ya ce ba komai, ruwa ne da inuwar bishiya ke ruɗa sigina, zai gyara. Ya karɓi agogon ya haɗa da waya ya sabunta masa ƙwaƙwalwa. Ya ce da yana rubuta wurin da nake jefi-jefi ne don tattalin batir, yanzu ya sa shi ya riƙa rubutawa kowace daƙiƙa. Ya ce da taurarin Amurka kaɗai yake saurare, yanzu ya buɗe masa na Rasha da na Turai da na Sin gaba ɗaya. Na ce, "Madalla, duniya duk ta taru a kan tsoho ɗaya."

Wallahi tallahi, gyaran nan shi ya jawo mini. Da ƙayar a karkace take, tana rawa kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Da aka gyara sai ta miƙe sambal kamar an ja ta da rula. Kuma ta ƙaru. Litinin mita saba'in. Laraba ta haura ɗari. Har agogon ya yi mini kiɗa ya zana kofi a fuskarsa, wai na kafa sabon tarihin gudu, don a lissafinsa na shiga ruwa na fito cikin daƙiƙa ashirin, da saurin da ko tirelata in ta ɗauko siminti ba ta yi a hawan tudu. Ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sujada! Muka yi dariya ran nan, har Uwata tana cewa a kai ni gasar duniya. Nasiru ne kawai bai yi ba. Ya ce, "Baba, wurin bugun zuciya fa, a daƙiƙun nan babu komai. Fili ne." Na ce madauri ne. Ya ce ai shi ya ɗaura mini da hannunsa.

Mutumin lissafi in abu ya ƙi fita ba ya barci. Ya ɗauke ni a mota ya kai ni wani filin tsere da aka san zagayensa mita ɗari huɗu ne, ya sa ni a layin ciki na zaga sau huɗu, agogo ya ba da lissafi daidai, bambancin bai kai tsawon tabarma biyu ba. Washegari ya ɗaura agogon a hannunsa ya zaga tafkin shi kaɗai, ya tsaya a bencin, har ya zauna a kai. Layi ya fito sumul, babu ƙaya. Ya dawo yana murna wai agogo ya gyaru, ba shi da sauran kuskure. Bai lura ba cewa in agogo ba shi da kuskure, to saura ni.

Uwata ta lura. Da farko ta ce ko dai ina zamewa ne in je shagon mamak, masu shayin nan mai kumfa da zaƙi kamar zuma, in ba wani agogon ya riƙe mini. Na ce ina ma! Daga baya sai ta daina zargi, ta koma kallona. Ta riƙa tambayata yau wace rana ce, me na ci jiya, wai hira muke. Na gane inda ta dosa. Mahaifiyata, mai sunanta, da ta tsufa mantuwa ce ta kama ta. Sai ta fice daga gida ta kama hanya, a tsinto ta a bakin rafi tana cewa rakiya ta yi. A ƙarshe kwaɗo muka sa wa ƙofar zaure, ni da hannuna na saya. Uwata tana 'yar shekara goma a lokacin, ta gani, ba ta manta ba.

Sai na ga gara in faɗi gaskiya. Na ba su labarin dattijon da taku goma. Nasiru ya ce shi bai ga kowa a bencin ba, kuma babu wata hanya ta bayan ciyayin, ruwa ne kawai. Uwata ta tashi ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, na san ba wanke-wanke take ba.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce a canza mini wurin tafiya, ta ce a'a, nan ne babu motoci. Na zaga ta hagu maimakon dama, ai da'ira ce, benci yana nan yana jirana. Na ƙudurta zan yi sallama daga nesa in wuce, na yi, ya amsa, ya miƙe tsaye, ya dube ni irin kallon da babba ke yi wa yaron da ba a ba tarbiyya ba, sai ga ni a bayansa. Ban san sanda na juya ba. Ran nan na ce to taku biyar zan yi, na ƙirga biyar na tsaya, na dawo gida ina jin na yi dabara, taswira ta ce mita ɗari da tamanin. Na karanta duk abin da na iya, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, shi ma na ga leɓensa na motsi kamar yana taya ni. Na ce zan bar agogon a gida, Uwata ta ce ranar da babu layi a wayarta ba ta cikin lissafin wata uku. Ka je ka shiga ruwa, ka zauna ka rasa gona. Nasiru ya auna faɗin tafkin a waya daga bencin zuwa ɗaya gaɓar, ya ce kamar mita ɗari biyu da hamsin ne. Ni ma aji huɗu ya ishe ni in yi wannan ɗebewar.

Ranar ƙarshe Alhamis ce, rana ta fito fes, wata mata tana tura keken jariri ta wuce mu, wani yana yanke ciyawa da inji can gefe. Muka gaisa. Ya miƙe. Na bi shi, ɗaya, biyu, har goma, na tsaya. Kullum ba ya waiwayowa, ran nan ya waiwayo. Ya buɗe baki, da Hausa, Hausar Kano tsantsa irin ta tsofaffin cikin birni, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, direba. Saura kaɗan. Gobe ma ƙarasa."

Jama'a, ban san gwiwata tana da sauran gudu ba sai ran nan. Ban tsaya danna maɓallin tsayarwa ba, ban tsaya komai ba, sai da na ga kaina a cikin lif ina haki, na duba ƙafata, takalmina a bushe ƙayau, amma safata sharkaf, har tana ɗiga in na matsa.

Ashe Nasiru ya biyo ni a ɓoye, ya laɓe bayan wata bishiya yana ɗauka da waya. Da azahar suka zaunar da ni a falo suka kunna mini. Ga ni nan, da kaftanina ruwan toka. Na tsaya gaban benci, na rusuna, na miƙa hannu biyu, ina girgiza iska. Na yi ta gyaɗa kai ina murmushi. Na taka goma zuwa bakin ciyawa, na tsaya, sannan na zabura na kwasa a guje. Ban shiga ruwa ba, wannan kam hoton ya wanke ni. Amma babu kowa a bencin. Agogo kuwa, da Nasiru ya leƙa taswirar a fuskarsa, ya ce mita ɗari biyu da ashirin.

Uwata ta durƙusa a gabana ta riƙe gwiwata, ta ce, "Baba, na karɓo mana ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ba komai ba ne, dubawa ce kawai. Ko me ya ce, muna nan tare, ba inda za ku je." Na dubi ƙofar falon, na ga irin makullinta, na tuna kwaɗon da na saya.

Allah Ya yafe mini, nan na yi abin da na fi iyawa. Na fashe da dariya, na buga cinya, na ce, "Kai, Nasiru! Kai da kake neman digiri na uku, ka ɗauka ban gan ka ba? Rabin tumbinka yana waje, bishiyar ba ta rufe ka ba! Tun ranar da kuka fara yi mini tambayar yau wace rana na ce sai na koya muku hankali. Wane dattijo? Ni ne dattijon!" Na tashi na kwaikwayi yadda nake gaisawa da iska, har da "boleh, boleh." Sai Nasiru ya fara dariya don kunya, Uwata ta share hawaye ta ce, "Wallahi Baba ba ku da dama! Yanzu wannan abin wasa ne?" Sun yarda, don duk wanda ya san ni ya san zan aikata. Ƙayar kuwa Nasiru ya ce wataƙila hasken sigina ne ke dukan ruwa ya dawo, ya faɗa a hankali, bai dube ni ba.

Likitan ƙwaƙwalwa ya sa na zana agogo, na ƙirga baya-baya, na jero masa garuruwan da ke tsakanin Kano da Legas har ya ce ya isa. Na ce gwiwata ta motsa saboda gudun da na yi, aka mayar da ni tafiya a kan injin da ke ƙasan benenmu, kana tafiya kana wuri ɗaya, ka ga bango, bango ya gan ka. Ban sake taka wurin shaƙatawar nan ba. Suga ya sauka. Na iso gida saura kwana tara ruwan farko, na yi shukata.

Agogon na bar wa Nasiru. Bayan kamar wata biyar ya kira ni, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba, tafiyar nan taku ta ranar Alhamis, da ba ku tsayar ba. Duk sanda na kunna agogon sai ya tambaya wai a ci gaba ko a ajiye. Na ajiye, na goge, na wanke masa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ya koma kamar sabo. Da ya kama sigina sai ya sake tambaya." Na ce, "Wanne kake dannawa?" Ya ce ajiyewa. Na ce, "Don girman Allah kada hannunka ya kuskure." Ya ce, "Baba, ashe ba wasa ba ne?" Na ce, "Gai da Uwata," na kashe.

Har yau ba ta sani ba, in kuma wannan rubutu ya je hannunta za ta ce halin Baba ne, shi ya sa ma na saki jiki na rubuta. Na kai wa malamai biyu maganar, ɗaya ya ba ni rubutu na sha, ɗaya ya yi dariya har rawaninsa ya kwance ya ce in ƙaro wani. Ban san ko wane ne dattijon nan ba, ban san me ke ɗaya gaɓar ba, abin da na sani mita talatin suka rage.

A garinmu yanzu ana cewa tun da na je ƙasar waje na yi girman kai, baƙo ya zo ya tashi ba na taka masa, daga kan tabarma nake cewa a sauka lafiya. Na ji, na haɗiye. Shawarata gare ku, musamman masu ɗaura wa iyayensu irin wannan agogo: ku tsaya a fili ya kama sigina, ku ɗaure madauri, ku wurga hannu, duk na yarda. Amma in kun ga 'yar ƙarya ta rage a taswira, wadda ba ta cutar da kowa, ku bar masa abarsa, kada ku matsa sai ya faɗi gaskiya duka. Kuma in za ku raka mutum, ko da rana tsaka ne, ku fara tambayarsa ina ne gidan.